Jiki na ciwo, gwaji na cewa lafiya ƙalau: fashin baƙi kan faibromayaljiya

Shin zai yiwu mutum ya shafe shekaru jikinsa na ciwo tun daga wuya har tafin ƙafa, a ɗebi jininsa a auna, a yi masa hoton ƙashi, a duba ƙoda da hanta, kowane sakamako ya fito lafiya ƙalau, kuma duk da haka a ce ciwon nasa na gaskiya ne? Ilimin likitanci na yau ya ce zai yiwu, kuma ɗaya daga cikin larurorin da ke zuwa a haka ita ce faibromayaljiya.

Sunan ya ɗan fara shiga kunnuwan mutane. Duk ranar 12 ga Mayu akan yi gangamin wayar da kai a kanta, kuma tun 2017, lokacin da mawaƙiyar Amurka Lady Gaga ta bayyana cewa da ita take fama har ta ɗage wasanninta na Turai, kafafen yaɗa labarai suka riƙa ambatonta. Sai dai jin suna daban, fahimta daban. Wasu sun ɗauke ta ciwon 'yan hutu, wasu na cewa raki ne kawai da son jiki. Wasu kuma sun zarce ɗaya ɓangaren, duk wanda ya ce jikinsa na tsami sai su liƙa masa ita. Kowane ɓangare yana da wanda yake cutarwa.

Mece ce ita, kuma yaya take bayyana?

Larura ce ta ciwo mai daɗewa wanda ya bazu a jiki: dama da hagu, sama da ƙugu da ƙasansa, da gadon baya. Wata za ta ce ta tashi jikinta kamar an yi mata duka, wata ta ce zugi ne, wata raɗaɗi, wani ya ce tsoka ce ke ɗaurewa. Ciwon kuma yana yawo, yau kafaɗa, gobe ƙugu, jibi cinya. Wannan yawon ne ke sa 'yan uwa su fara shakka, ko su karkata ga cewa jifa ne ko iska.

Ba ciwon kaɗai ba ne. Akwai gajiyar da hutu ba ya kawar da ita, da barcin da ba ya wartsakarwa, mutum ya kwana sosai ya tashi jiki a mace. Akwai kuma dushewar tunani, wadda masu larurar da yawa ke cewa ta fi ciwon kansa ƙona musu rai. Mace ta shiga ɗaki ta manta abin da ya kai ta, malami yana tsakiyar darasi kalmar da ya sani sarai ta ɓace masa, ɗan kasuwa ya rikice a lissafin da a da yake yi da ka. Sau da yawa tana tafe da 'yan rakiya: ciwon ɓarin kai, kumburin ciki mai sauyawa tsakanin gudawa da taurin bayan gida, ciwon muƙamuƙi, ciwon mara mai tsanani lokacin al'ada, da rashin jure hayaniya, haske mai ƙarfi ko sanyi.

A ƙasashen da aka yi ƙididdiga, larurar na shafar wajen mutum 2 zuwa 4 cikin 100. An fi gano ta a mata, musamman masu matsakaicin shekaru, amma maza ma suna da ita, har da matasa. Ba ta cin gaɓa, ba ta lanƙwasa yatsu, ba ta shanye jiki, kuma ba a ɗaukarta daga wani. Ba sabuwa ba ce kuma. Tun 1904 likitan jijiyoyi na Ingila William Gowers ya yi bayanin irin wannan ciwon, yana zaton kumburi ne a cikin nama. Da aka yi ta dubawa ba a ga kumburin ba, sai aka bar wancan zato, kuma sunan da ake amfani da shi yanzu ya fito a 1976. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe da sanya ta a kundinta na cututtuka.

Me ya sa gwaji ba ya ganinta?

Nan ne tushen rashin fahimtar, don haka ya kamata a tsaya a kai.

Mun saba ɗauka cewa inda ke ciwo nan matsalar take. Gwiwa na ciwo, a duba gwiwa. Amma ciwo saƙo ne. Jijiyoyi ke ɗauko shi daga fata ko tsoka, su bi da shi ta laka, ƙwaƙwalwa ta karɓa ta fassara. A kan wannan hanya jiki na da hanyoyin ƙara wa saƙon ƙarfi da na rage masa. Shi ya sa ɗan ƙwallo kan ji rauni a fili bai sani ba sai an tashi wasa, shi ya sa kuma ƙaramin ciwon haƙori kan zama bala'i da tsakar dare.

Ɗauki lasifikar masallaci. In aka murɗa amfilifaya har ƙarshe, ko numfashin ladan sai ya cika unguwa. Ladan bai ɗaga murya ba, makirufon ma lafiyarsa lau, matsalar na wurin na'urar da ke ƙara sautin. A faibromayaljiya tsoka da gaɓɓai ba su lalace ba, tsarin da ke isar da saƙon ciwo ne ya wuce ƙima. Matsar da wani ba zai ko lura da ita ba, kamar ɗaurin zani ko goyon yaro, sai ta isa ƙwaƙwalwar mai larurar a matsayin ciwo na sosai. Gwajin jini na neman ƙwayar cuta ne ko alamar kumburi, hoton ƙashi na neman karaya ko zaizayewa. Babu ɗayansu da aka ƙera don ya auna yadda jijiyoyi ke ƙara saƙo.

Wannan ba hasashe ba ne kawai. Bincike fiye da ɗaya ya gano cewa a ruwan da ke kewaye da laka da ƙwaƙwalwar masu larurar, wani sinadari mai isar da saƙon ciwo, wanda ake kira sinadarin P, ya ninka na masu lafiya sau biyu zuwa uku. A 2002 masu bincike a Amurka sun riƙa danna farcen babban yatsan mutane suna ɗaukar hoton aikin ƙwaƙwalwarsu. Masu faibromayaljiya sun ji ciwo da kusan rabin dannar da masu lafiya suka buƙata kafin su ji irinsa, kuma sassan ƙwaƙwalwa masu karɓar ciwo sun nuna aiki daidai da abin da suka faɗa. Wato ba ƙari suke yi ba. Tun kafin nan, a tsakiyar shekarun 1970, Harvey Moldofsky a Toronto ta Kanada ya nuna cewa barcinsu mai nauyi yana katsewa ba tare da sun farka ba. Da ya hana wasu lafiyayyun matasa irin wannan barcin na 'yan kwanaki, su ma sai jikinsu ya fara ciwo da tsami.

A 2017 ƙungiyar masu nazarin ciwo ta duniya ta amince da irin wannan ciwon, wanda jijiyoyi ke ƙara wa saƙonsa ƙarfi, a matsayin nau'in ciwo na uku mai zaman kansa, bayan ciwon da rauni ko kumburi ke jawowa da kuma wanda lalacewar jijiya ke jawowa. Sai dai a lura, waɗancan gwaje-gwajen na ɗakin bincike ne, an yi su ne don kwatanta rukuni da rukuni. Kada wani ya sayar da gona don a yi masa hoton ƙwaƙwalwa da sunan neman faibromayaljiya, ba za a gan ta a can ba.

Me ke tayar da ita?

Ba ta da sanadi guda. Akwai gado a ciki, domin 'yan uwa na jini na mai larurar sun fi sauran mutane yiwuwar samunta nesa ba kusa ba. A kan wannan shiri na jiki sai wani abu ya zo ya tayar da ita: haɗarin mota, tiyata, haihuwa mai wuya, doguwar jinya, ko cuta irin ciwon hanta da korona. Tashin hankali mai tsanani ko damuwar da ta daɗe su ma suna ciki. Wasu kuma tana zuwa musu a hankali ba tare da wani abin nunawa ba. Masu amosanin gaɓɓai da makamantansa na iya samunta a kan ciwonsu na asali.

A ganina likitocin da ke duba mutanen da rikici ya raba da gidajensu a Borno, Zamfara ko Katsina sun fi kowa buƙatar riƙe wannan a rai. Matar da ta ga abin da ta gani, ta shekara ba ta yi barcin kirki ba, in ta zo tana cewa ko'ina na mata ciwo, ba lallai ne zazzaɓin cizon sauro ba.

Yadda likita ke gane ta

A 1990 ƙungiyar likitocin gaɓɓai ta Amurka ta fitar da ma'auni na farko: ciwo a ko'ina na aƙalla wata uku, da jin zafi a wurare 11 cikin 18 da likita zai danna da yatsa. Wannan hanya ta yi amfani wajen bincike, amma tana da naƙasu. Likitoci da yawa ba su iya dannar daidai ba, ba ta kula da gajiya da barci ba, kuma tana tsallake maza. A 2010 aka ajiye dannar, aka sake gyara ma'aunin a 2016. Yanzu likita na tambayar wurare nawa ne cikin 19 suka yi ciwo a makon da ya wuce, ya tabbatar ciwon ya shafi aƙalla huɗu cikin manyan sassa biyar na jiki, ya auna tsananin gajiya da matsalar barci da ta tunani, kuma alamun su kai wata uku. Da sabon ma'aunin, ratar da ke tsakanin mata da maza ta ragu sosai.

Ke nan kayan aikin ganewar su ne saurare da duba jiki da kyau. To me ya sa har yanzu ake ɗibar jini? Domin akwai cututtukan da ke kama da ita, kuma yawancinsu na da magani kai tsaye. Raguwar aikin ƙullin maƙogwaro, wanda kumburinsa ke zama maƙoƙo, na kawo kasala da ciwon tsoka. Ƙarancin jini na kawo gajiya. Laushin ƙashi saboda ƙarancin bitamin D ko sinadarin kalsiyam na sa ciwon ƙugu da cinya, abin da ya kamata a duba a matar da ta jera haihuwa da shayarwa kuma ba ta cika shiga rana ba. Akwai amosanin gaɓɓai mai kumburi, da lufus (cutar da garkuwar jiki ke yaƙar jikin mai ita), da ciwon suga da ya taɓa jijiyoyi, da ciwon hanta, da cuta mai karya garkuwar jiki, da tarin fuka na ƙashin baya. Wasu magungunan rage kitsen jini ma na sa ciwon tsoka. Mai sikila kuwa ciwonsa na da nasa salon da nasa kulawar.

Alamun da ke nuna a nemi wani abu daban sun haɗa da gaɓar da ta kumbura ta yi zafi, zazzaɓin da ma'aunin zafi ya tabbatar, rama ba dalili, gumin dare, hannu ko ƙafa su rasa ƙarfi na zahiri, ko ciwon ya fara farat ɗaya bayan shekara 50. Faibromayaljiya ba ta yin waɗannan. Wanda ya karanta alamu a waya ya yanke wa kansa hukunci na iya rufe ƙofar gano cutar da da an warkar da ita cikin watanni.

Inda likitoci suka saɓa

Gaskiya ne akwai taƙaddama, kuma ɓoye ta ba zai amfani kowa ba. Frederick Wolfe, wanda ya jagoranci rubuta ma'aunin 1990, daga baya ya fito yana nuna shakku. Ra'ayinsa shi ne ba cuta ce mai iyaka a fili ba, ƙarshen tsani ne na wahalar jiki da ta rai da kowa ke da wani rabo a ciki, kuma ya nuna damuwa kan yadda kamfanonin magani suka shiga tallata ta. Wasu masana, irin Daniel Clauw na Jami'ar Michigan, sun tsaya kan cewa sauyin da ke cikin tsarin jijiyoyi abu ne da aka auna aka gani. Sai ga ɓangare na uku ya ɓullo a 2021, lokacin da masu bincike daga Landan da Libaful da Cibiyar Karolinska ta Suwidin suka ɗebi sinadaran garkuwar jiki daga jinin masu larurar suka yi wa ɓeraye allura, ɓerayen suka fara nuna saurin jin ciwo da raguwar ƙarfi. Wannan ya buɗe tambayar ko garkuwar jiki na da hannu, aƙalla a wasu. An kuma samu raguwar ƙananan jijiyoyin fata a wani kaso na masu larurar.

Har hukumomi ba su daidaita ba. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da maganin pregabalin don wannan larura a 2007, duloksetin a 2008, milnasipran a 2009. Takwararta ta Turai ta duba hujjojin ta ƙi amincewa da su ukun, tana ganin amfanin bai kai ya rinjayi illolin ba.

Abin da nake so mai karatu ya lura da shi shi ne inda saɓanin yake. Suna jayayya kan tushe da suna da magani. Babu ɗayan ɓangarorin nan da ke cewa mai ciwon ƙarya yake yi. Wanda ke fakewa da saɓanin likitoci don ya ce wa matarsa ko ma'aikacinsa "raki ne" ya ɗauko hujjar da masu saɓanin kansu ba su ba shi ba.

Hanyar da aka saba bi, da abin da take jawowa

A garuruwanmu ciwon jiki da kasala na da fassara guda biyu a shirye: maleriya da taifot. Mutum ya je ɗakin gwaji, a yi masa gwajin Widal, wanda likitoci suka daɗe da sanin cewa aunawa ɗaya ba ta tabbatar da taifot a wuraren da cutar ta yi yawa, sakamako ya nuna wani abu, a rubuta allurai da ƙarin ruwa. Bayan wata guda ciwon na nan, a sake. Akwai gidajen da wannan zagaye ya cinye wa jari.

Da an gaji da asibiti sai kemis. A nan ake ƙulla haɗin maganin ciwon jiki a leda, ƙwayoyi huɗu ko biyar ba suna ba takarda. Sau da yawa a ciki akwai maganin kumburi irin diklofenak ko piroksikam, da deksametason ko prednisolon. Tunda faibromayaljiya ba kumburi ba ce, waɗannan ba sa taɓa tushenta, amma illarsu na nan daram. Diklofenak da piroksikam, in aka daɗe ana sha, na jawo gyambon ciki da lalacewar ƙoda. Deksametason da prednisolon kuwa na kumbura fuska, su tayar da hawan jini da ciwon suga, su raunana ƙashi. Sai mutum ya shiga da larurar da ba ta lalata gaɓa ko ɗaya, ya fito da ƙodar da ta taɓu. Wannan ne ya fi tayar min da hankali a duk lamarin.

Sai kuma tramol. Ba sai an gaya wa Bahaushe abin da ya yi wa matasa ba, kuma wanda ake sayarwa a ɓoye mai lamba 225 ya wuce awon da hukumar NAFDAC ta amince da shi. Magungunan dangin ofiyom, waɗanda tramol ke cikinsu, in an daɗe a kansu na iya ƙara wa jijiyoyi saurin jin ciwo, wato ainihin matsalar da ake son magancewa. Haɗa tramol da magungunan damuwa kuma na iya jawo farfaɗiya da wani rikicin jiki mai haɗari.

Idan duk wannan bai yi ba, hankali kan koma ga sammu. Addu'a da neman tsari ba su hana zuwa asibiti ba, kuma natsuwar da mai imani ke samu a cikinsu na taimaka masa ɗaukar ciwon. Ɓarnar na farawa ne in aka nuna yatsa ga kishiya, ko facala, ko maƙwabciya, a raba zumunci kan larurar da ke da bayani. Masu zuwa ƙaho kuma su tabbatar askar wanzami sabuwa ce, don ciwon hanta na bin jini.

Abin da ke taimakawa

Babu maganin da ke tumɓuke ta, duk wanda ya yi alƙawarin haka a rediyo ko a Facebook kuɗi yake nema. Amma ana samun sauƙi na gaske, mutane da yawa na komawa aiki da hidimar gida.

A shawarwarin da ƙungiyar likitocin gaɓɓai ta Turai ta fitar a 2017, bayan duba gwaje-gwaje masu yawa, abu guda ne kacal ya samu cikakken goyon baya: motsa jiki. Wannan na da wuyar karɓa ga wanda tashi daga tabarma ma aiki ne a gare shi, kuma da yawa sun gwada sun ji jiki sun bari. Sirrin na wurin farawa. Tafiyar minti biyar a tsakar gida bayan sallar asuba ko da yamma in rana ta yi sanyi ta isa mafari. A riƙe ta mako ɗaya ko biyu, sannan a ƙara minti biyu. Ciwon na iya ɗan ƙaruwa da farko, wannan ba alamar wani abu ya lalace ba ne. Ana koya wa jijiyoyi ne cewa motsi ba haɗari ba ne, kuma karatun na ɗaukar watanni. Miƙe gaɓɓai a hankali, ɗan ƙarfafa tsoka, da wanka da ruwan ɗumi duk suna taimakawa. Sashen gashin ƙashi na manyan asibitoci na iya tsara wa mutum abin da ya dace da shi. Tausa mai laushi kan kawo sauƙi na ɗan lokaci, mai ƙarfi kuwa kan bar mutum a kwance.

Na biyu shi ne rarraba aiki. Akwai tarkon da kusan duk mai larurar ke faɗawa. Ranar da ta ji dama-dama sai ta ce bari ta rama, ta yi wankin mako guda, ta share gida, ta yi surfe, ta je barka. Washegari da jibi ba ta iya ɗaga kai. Gara a yi rabin aikin a tsaya tun jiki bai ce a tsaya ba, a bar sauran zuwa gobe. Lokutan biki da hidimar azumi da sallah sun fi buƙatar wannan tsari. Ko a ibada an yi sauƙi, hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Bukhari ya ba marar lafiya damar yin sallah a zaune in tsayuwa ta gagara.

Na uku barci. Lokacin kwanciya da na tashi su zama tsayayyu, a ajiye waya, a bar shayi mai ƙarfi da kofi da goro da lemukan ƙara kuzari tun la'asar, a rage dogon barcin rana. Gidan sauro ma na cikin magani. Mai minshari mai ƙarfi da numfashinsa ke ɗaukewa a barci ya faɗa wa likita, don wannan matsala ce daban mai nata magani.

Sai magunguna, waɗanda matsayinsu na taimako ne. Wanda aka fi samu da araha shi ne amitriptilin, ƙanƙanin awo da dare, don barci da rage ciwo. Akwai duloksetin, akwai pregabalin. Biyun farko asalinsu magungunan ciwon damuwa ne, kuma mutane kan ji haushi in sun gano haka, su ce likita ya mayar da su masu taɓin hankali. Ba haka ba ne. Sinadaran serotonin da noradirenalin da waɗannan magunguna ke ƙarawa su ne laka ke amfani da su wajen rage ƙarfin saƙon ciwo. Amma kada a sa rai da yawa. A gwaje-gwajen pregabalin, wajen mutum ɗaya cikin goma ne ya samu babban sauƙin da ya wuce na waɗanda aka ba ƙwayar da ba magani a cikinta, kuma yana sa jiri da ƙiba, ana kuma iya kamuwa da shi. Birtaniya ta sa shi cikin magungunan da ake tsaurara wa doka a 2019, kuma a 2021 hukumar NICE mai tsara wa likitocin ƙasar ƙa'idoji ta ba da shawarar kada a fara ba masu irin wannan ciwon shi, ko dangin ofiyom, ko magungunan kumburi. Mai ciki, ko mai neman ciki, ko mai shayarwa ta sanar da likita kafin ta sha ko ɗaya.

Zama da masanin halayyar ɗan Adam ma na cikin abin da bincike ya goyi baya, don koyon yadda za a rayu da ciwon ba tare da tsoro ya daƙile mutum ba. Ciwon damuwa na yawan haɗuwa da faibromayaljiya, kowanne na ƙara wa ɗan uwansa nauyi. Wanda ya kai ga jin rayuwa ta ishe shi ya faɗa wa likita ko wani na kusa a ranar, kada ya jira.

Rabon mutanen gida da wurin aiki

Tarbiyyarmu na yaba dauriya. Macen kirki ita ce wadda ba a jin kukanta ko a naƙuda, namiji kuwa ba ya cewa ya gaji. Wannan na da kyawunsa, amma ga mai faibromayaljiya yana zama ƙarin kaya. Ba ta rame ba, ba ta kumbura ba, jiya an gan ta tana dariya a gidan suna, yau ta ce ba za ta iya girki ba. Sai uwar miji ta ce son jiki ne, miji ya fara maganar ƙaro aure, ita kuma ta koma yin shiru tana shan ƙwayoyin kemis a ɓoye don ta cika ranar girkinta. Namiji mai larurar kuma, wanda abincin gidansa ke kan ƙarfinsa, ya fi kusa da faɗawa hannun tramol.

Abin da ake buƙata daga iyali ba shi da tsada. A yarda da abin da ta faɗa. A ɗauke mata ayyuka masu nauyi irin ɗibar ruwa da daka, amma kada a kwantar da ita gaba ɗaya, don zaman wuri ɗaya na ƙara ciwon. Miji ko 'ya su riƙa raka ta tafiyar nan ta yamma. Shugaban wurin aiki na iya barin ma'aikaci ya riƙa tashi yana miƙe jiki, ko a sauya masa aikin tsayuwar yini.

Likitocin da suka ƙware kan cututtukan gaɓɓai ba su da yawa, akasarinsu na asibitocin koyarwa. Amma ba dole sai su ba, likitan iyali ko na cututtukan ciki da ya ba da lokaci na iya gane larurar ya kula da ita. Mai shirin zuwa ya rubuta tun a gida wuraren da ke ciwo, yaushe abin ya fara, yaya barci yake, me ke ƙara shi, me ke rage shi. Ya tafi da tsofaffin sakamakon gwaji don kada a sake biyan kuɗin abin da aka riga aka yi. Ya kuma tafi da duk ledar magani da kwalbar gargajiya da yake sha, ya faɗi gaskiyar tsawon lokacin da ya yi a kansu, domin wanda ya daɗe kan deksametason ko prednisolon ba ya dainawa rana ɗaya, janye su ake yi a hankali ƙarƙashin kulawar likita, haka ma tramol da pregabalin. Ya fi kyau a tsaya wa likita guda da zai riƙa bibiya maimakon sauya asibiti duk wata. Kuma ko bayan an tabbatar faibromayaljiya ce, in wata sabuwar alama ta ɓullo, kumburin gaɓa ko zazzaɓi ko rama, a koma a duba, don samun wannan larura bai hana wata cutar zuwa ba.